Hukuncin sasanci daga Delhi, dukiya a Bangalor: ina za a biya harajin kan sarki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfaninmu ya yi rikicin kwangila da wani kamfani a Indiya. Yarjejeniyarmu ta ce Delhi ce mazaunin sasanci, kuma a can mai sasancin, wato wanda muka amince ya yanke mana hukunci a wajen kotu, ya sa hannu a hukuncinsa wata biyar da suka wuce, ya ce a biya mu rupi miliyan 40. An rubuta hukuncin a kan takardar kan sarki ta rupi 100 kacal. Abokan shari'armu ba su ƙalubalanci hukuncin ba, ba su kuma biya ba, kuma duk abin da suka mallaka yana Bangalor, a jihar Karnataka. Lauyansu ya aiko mana cewa hukuncin ya zama banza tunda ba a biya harajin kan sarki daidai ba, kuma in muka kai shi Karnataka sai mun biya harajin can gaba ɗaya, da tara ninki goma. Gaskiya ne? A ina za mu biya, kuma sau nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lauyan nan ya cakuɗa gaskiya da barazana ne, don haka sai mun tsince su ɗaya bayan ɗaya. Hukuncinku bai mutu ba. Akwai bashin haraji a kansa, wato harajin kan sarki da gwamnati ke karɓa a kan takardun shari'a, kuma kotu ba za ta yi aiki da shi ba sai an biya. Wurin biya na farko Delhi ne, inda aka sa hannu. In har Karnataka tana da haƙƙi a kansa, haƙƙinta bai wuce cikon abin da ya rage tsakanin farashinta da na Delhi ba. Tarar ninki goma kuwa tana cikin doka, ba ƙirƙirarta ya yi ba, amma akwai ƙofar kauce mata, kuma a wata biyar ƙofar ba ta rufe muku ba tukuna.

Dalilin da ya sa tsallaka iyakar jiha ya zama abin magana a cikin ƙasa ɗaya shi ne yadda kundin tsarin mulkin Indiya ya raba wannan haraji. Gwamnatin tarayya ce ke yanka farashi a kan 'yan takardu ƙidayayyu, irin su cak, takardar alkawarin biyan bashi, takardar inshora, takardar lodin kaya a jirgin ruwa da sauya mallakar hannun jari. Duk sauran takardu jihohi ne ke yanka musu farashi, kuma kuɗin aljihun jiha yake shiga. Hukuncin sasanci yana cikin waɗannan sauran. Uwar dokar ita ce Dokar Kan Sarki ta Indiya ta 1899, wadda ta ambaci hukuncin sasanci a lamba ta 12 ta jadawalinta, amma wasu jihohin sun yi wa jadawalin kwaskwarima, wasu kuma sun yi tasu dokar sukutum: Karnataka a 1957, Maharashtra a 1958. Delhi, ko da yake ba cikakkiyar jiha ba ce, tana aiki da dokar 1899 da nata jadawalin. Saboda haka takarda ɗaya, mai kuɗi ɗaya, tana iya cin 'yan dubbai a wani gari ta ci dubban ɗaruruwa a wani.

To, wace jiha ce ke fara cin rabonta? Dokar 1899 ta ɗora harajin a kan takarda ne, ba a kan cinikin da ke bayanta ba, kuma sashe na 17 ya ce a buga kan sarki kafin sa hannu ko a lokacin sa hannu. Ke nan bashin ya hau kanku tun ranar da alƙalamin mai sasanci ya taɓa takardar a Delhi. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu lauyoyi, saboda a Turancin shari'a kalma ɗaya ce ke nufin sa hannu a takarda da kuma zartar da hukunci a kotu. Sai mutum ya karanta cewa ana biya a inda aka yi abin, ya ɗauka inda za a zartar ake nufi. Dokar kan sarki da kanta ta fayyace cewa sa hannu take nufi. Mu da muke da kalmomi biyu daban ba mu da uzurin faɗawa wannan rami.

Akwai tsohuwar shari'a da nake so ka riƙe, ta kamfanin New Central Jute Mills da jihar Bengal ta Yamma, wadda Kotun Ƙolin Indiya ta yanke a 1963. Kamfanin ya ci bashi ya jinginar da masana'antunsa da ke Bengal ta Yamma, amma a Laknau, cikin jihar Uttar Pradesh, aka sa hannu a takardar jinginar. Su kuwa suka ga ai dukiyar tana Bengal, sai suka sayi kan sarki a Kalkata, babban birnin Bengal ɗin, suka manna. Kotu ta ce ba su yi daidai ba: takardar da aka sa wa hannu a Uttar Pradesh dole ta fara ɗaukar kan sarkin Uttar Pradesh. Daga nan ta shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau. A fara biya bisa dokar jihar da aka sa hannu. In takardar ta shiga wata jiha da ita ma take da haƙƙi a kanta, sai a duba farashin can. In daidai yake ko ya gaza na farko, ba a ƙara ko sisi. In ya fi, cikon kawai za a biya. Abin lura gare ku shi ne, kada ku ce bari mu huta, mu je Bangalor mu biya komai a can. Kuɗin da aka zuba a baitulmalin Karnataka ba ya sauke bashin Delhi. Za ku yi gudun gara ne ku faɗa gidan zago.

Yanzu batun cewa hukuncin ya zama banza. Sashe na 35 na dokar 1899 ya ce takardar da ba ta ɗauki kan sarkin da ya dace ba, ba za a karɓe ta a matsayin shaida ba, ba kuma za a yi aiki da ita ba. Sashe na 33 ya umarci alƙali ko jami'in da ta zo gabansa ya tsare ta. Amma sashen na 35 ɗin nan shi ne kuma ya ce in an biya abin da ya rage da tara, sai a karɓe ta, sashe na 42 kuma ya ce da zarar an rubuta shaidar biya a jikinta, ta zama kamar tun farko an biya. Ciwo ne mai magani. Tun 1969, a shari'ar Hindustan Steel da Dilip Construction, wadda ita ma a kan hukuncin sasanci maras kan sarki aka yi ta, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa an yi dokar ne don tara wa gwamnati kuɗin shiga, ba don a miƙa wa mai shari'a makamin da zai kayar da abokin hamayyarsa da shi ba, kuma da zarar gwamnati ta karɓi nata, zancen ya ƙare. A 2003, a shari'ar M. Anasuya Devi da M. Manik Reddy, ta ƙara da cewa rashin kan sarki ba ya cikin dalilan soke hukuncin sasanci a ƙarƙashin sashe na 34 na Dokar Sasanci da Sulhu ta 1996. Sai an zo zartarwa a ƙarƙashin sashe na 36 maganarsa ke tasowa.

Ina kyautata zaton lauyan nasu yana jingina ne da hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar N.N. Global na Afrilun 2023, inda alƙalai uku cikin biyar suka ce yarjejeniyar da ba ta da kan sarki ba ta da rai a idon doka har sai an gyara. Wannan hukunci bai yi shekara ba. A ranar 13 ga Disamban 2023 zaman alƙalai bakwai, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai D.Y. Chandrachud, ya ture shi, ya ce ƙin karɓar takarda a matsayin shaida daban, rushewarta daban. Gaskiya ne a kan yarjejeniyar sasanci aka yi wannan shari'a, ba a kan hukuncin sasanci ba, amma sassan dokar da aka fassara su ne dai waɗanda suka shafe ku.

Sai mu tsallaka zuwa Karnataka, inda gizo ke saƙar.

A da, wanda ya ci nasara a Delhi yakan sha wahalar gaske kafin ya taɓa dukiyar da ke wata jiha, domin wasu manyan kotuna suna cewa sai ya fara shigar da buƙatar zartarwa a kotun mazaunin sasanci, ita kuma ta tura wa kotun da dukiya take, kamar yadda ake yi wa hukuncin kotu na yau da kullum. Wasu kotunan suna cewa ba sai an yi haka ba. A Fabrairun 2018 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Sundaram Finance da Abdul Samad: hukuncin sasanci ba wata kotu ce ta yanke shi ba balle a ce ita za ta tura shi, don haka ana iya kai shi kai tsaye duk inda dukiyar wanda ake bi take a faɗin ƙasar. Wannan sauƙi ne babba, kuma da shi za ku shiga kotu a Bangalor ba tare da neman izinin kowa a Delhi ba. Sai dai shari'ar ta buɗe ƙofar kotu ne kawai, ba ta ce komai a kan ƙofar mai karɓar haraji ba. Kuma kada wani ya ce muku ai sashe na 36 ya mayar da hukuncin sasanci hukuncin kotu, shi kuwa hukuncin kotu ba a buga masa irin wannan kan sarki. Sashen cewa ya yi a zartar da shi kamar hukuncin kotu. Kama da wane ba ta wane. Kotun Ƙoli ta nuna hakan a shari'ar Paramjeet Singh Patheja a 2006, inda ta ƙi yarda a yi amfani da hukuncin sasanci a matsayin hukuncin kotu wajen neman ayyana mutum a matsayin wanda ya karye.

Dokar Karnataka ta 1957, a sashe na 19, ta yi maganar takardar da aka sa wa hannu a wajen jihar sannan aka shigo da ita. Sharaɗin shi ne takardar ta shafi wata dukiya da ke cikin jihar, ko wani abu da aka yi ko za a yi a cikinta. In sharaɗin ya cika, sai a lissafa harajin bisa jadawalin Karnataka, a cire abin da aka riga aka biya a wata jihar Indiya, a karɓi saura. Maharashtra ma tana da irin wannan tanadi a sashe mai lamba ɗaya, ta kuma ba da wata uku daga ranar da takardar ta fara shigowa jihar.

Ga lissafin a aikace. Delhi tana karɓar rupi ɗaya a kan kowace dubu, wato a kan miliyan 40 ɗinku harajin ya kama rupi 40,000. Kun biya 100, saura 39,900. Karnataka kuwa kaso take yanka daga kuɗin hukuncin a lamba ta 11 ta jadawalinta, kuma kason nata ya fi na Delhi nesa ba kusa ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, lissafin can ya ba da 200,000. Bayan kun cika na Delhi, abin da Karnataka za ta iya nema shi ne 160,000, ba 200,000 ba. In gobe kuka gano suna da wani asusu a jiha ta uku, nan ma za a cire duk abin da kuka biya a baya. Ke nan komai yawon da takardar za ta yi, jimillar harajin ba za ta wuce farashin jiha mafi tsada da ta shiga ba. Amma hanyar ba ta komowa: da a ce a jiha mai tsada aka sa hannu aka kai mai araha, ba wanda zai mayar muku da canji.

Ko cikon nan ma wajibi ne a kanku? Nan ne nake ganin akwai abin faɗa ta kowane ɓangare, kuma ba zan ɓoye maka inda na karkata ba. Da a ce hukuncin ya ce a miƙa muku wani sito ko wasu injuna da ke Bangalor, ko kuma aikin kwangilar da aka yi rikici a kansa a Karnataka aka yi shi, babu ja: takardar ta shafi dukiya ko aiki a cikin jihar, cikon ya hau kanku. Amma in hukuncin kuɗi ne zalla, a biya wane miliyan 40, kuma ba a Karnataka aka yi aikin ba, lauyanku yana da hujja mai ƙarfi. Hukuncin bai ambaci asusun bankin da ke Bangalor ba, bai ma san da shi ba. Asusun hanya ce ta karɓar bashin, ba shi ne abin da aka yi hukunci a kansa ba. In aka ce duk inda mai bashi ya ajiye kuɗinsa nan takardar ta shafa, to an ba shi damar zaɓar wa mai binsa harajin da zai biya ta hanyar kwashe kuɗinsa zuwa jiha mafi tsada, wanda ba na jin masu dokar sun nufi haka. Ɗaya ɓangaren kuma zai ce kalmomin sashen suna da faɗi da gangan: biyan kuɗin abu ne da za a yi, kuma tunda a Bangalor kuke neman a tilasta yin sa, ai ya zama abin da za a yi a cikin jihar. A karatuna hujja ta farko ta fi tsafta. Amma da ni ke ba ku shawara a kan kuɗin nan, cewa zan yi ku biya cikon, ku rubuta cewa kun biya ne ba tare da amincewa da wajibcinsa ba. Dalilina lissafi ne kawai. Rupi 160,000 a kan miliyan 40 bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gardama a kansa kuwa za ta iya cin watanni, daga kotun zartarwa zuwa Babbar Kotun Karnataka, kuma watannin nan su ne ainihin abin da abokan shari'arku ke nema. Wanda ya ƙi biya bai kuma ƙalubalanci hukunci ba, ba hujja yake da ita ba, lokaci yake saye. Da kuɗin hukuncin ya kai biliyoyi, inda cikon kansa dukiya ce, da na ce a tsaya a gwabza.

Batun tara ya fi duk sauran bukatar gaggawa. Hanya biyu ce, kuma bambancinsu babba ne. In kuka kai takardar kotu a yadda take, alƙali zai tsare ta, kuma in kuna so shi da kansa ya karɓe ta nan take, sashe na 35 na dokar 1899 ya ɗaure masa hannu: cikon haraji da tara ninki goma na cikon. A kan 39,900 na Delhi tarar ta zama 399,000. In kuma ba ku biya a gabansa ba, zai aika takardar ga jami'in harajin kan sarki na gunduma, wanda suke kira Kwalekta. Shi sashe na 40 ya ba shi zaɓi, daga 'yar tara ta rupi biyar har zuwa ninki goma. A 2020, a shari'ar amintattun H.C. Dhanda Trust da jihar Madhya Pradesh, Kotun Ƙoli ta ce ninki goma ƙololuwa ce da ake ajiye wa wanda ya yi mugun nufi, ba abin da za a riƙa ɗora wa kowa ido rufe ba. To amma tafiyar takarda daga kotu zuwa ofishin Kwalekta da dawowarta wata doguwar hanya ce.

Ƙofar da na ce ba ta rufe muku ba ita ce sashe na 41. Wanda ya kai takardarsa ga Kwalekta da ƙafarsa, cikin shekara ɗaya daga ranar sa hannu, ya ce ga kuskure na zo in cika, in jami'in ya gamsu cewa kuskure ne ko rashin sani ko larura, yana iya karɓar cikon ya rubuta shaida ba tare da tara ba. Sharaɗin shi ne ku ne kuka kai kanku, ba kama ku aka yi ba. Saura muku wata bakwai, kuma kada ku jira ko ɗaya daga ciki ya wuce. Uzurinku ma a fili yake. Ba ku ne kuka sa hannu a takardar ba, mai sasanci ne. Kuma ta yaya mutum zai sayi kan sarkin da ake lissafawa bisa adadin kuɗi, alhali bai san nawa za a yanke masa ba, bai ma san ko shi zai ci ba? Wannan wani ƙulli ne da dokar 1899 ba ta warware ba, shi ya sa masu sasanci da yawa ke rubuta hukunci a kan takardar rupi 100, su ƙara layi a ƙarshe cewa wanda ya ci nasara ya cika sauran. Ku duba shafin ƙarshe na naku, in akwai irin wannan layi ku nuna wa Kwalekta shi.

Wajen lissafi, farashin da ke aiki a ranar sa hannu shi ne abin dubawa a jihar farko, ba na ranar da kuka je biya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jihohi suna sauya jadawalinsu. Maharashtra ta daɗe tana karɓar rupi 500 kacal a kan hukuncin sasanci komai girmansa, har zuwa 2024 da ta koma yankan kaso. Hukunci biyu masu kuɗi ɗaya, da aka sa wa hannu a Mumbai, babban birnin jihar, da tazarar 'yan makonni, sai ka ga harajinsu ya yi hannun riga. Shawarata kuma ku lissafa a kan jimillar abin da hukuncin ya ba ku har zuwa ranar da aka yanke shi, da kuɗin ruwan da ya taru kafin ranar da kuɗin shari'a in an ba ku, ba a kan uwar kuɗi kaɗai ba. Ƙarin bai taka kara ya karya ba, ya kuma toshe bakin mai cewa kun biya ƙasa da ƙa'ida. Delhi da Karnataka duka suna amfani da takardar shaidar kan sarki ta lantarki wadda ake iya tantancewa ta intanet, sai ku tabbata sunan jihar da ke jikin kowace shaida shi ne na jihar da kuke nufin biya.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: da a Singafo ko Landan aka yanke muku wannan hukunci, da duk maganar nan ba ta taso ba. A Satumban 2018, a shari'ar Shriram EPC da Rioglass Solar, Kotun Ƙoli ta ce kalmar hukuncin sasanci da ke jadawalin dokar 1899 ba ta haɗa da na ƙasashen waje ba, don haka ba a biyan harajin kan sarki a kansu kafin zartarwa. Baƙo ya shiga kyauta, ɗan gida ya biya kuɗin ƙofa. Amma mazauni ne ke raba na gida da na waje, ba asalin masu shari'a ba. Kamfanin waje da ya yi sasanci a Delhi hukuncin gida ya samu, zai kuma biya. Kamfanonin Indiya biyu da suka zaɓi mazauni a waje, abin da Kotun Ƙoli ta halatta a shari'ar PASL Wind Solutions a 2021, hukuncin waje suka samu. Kowanne da nasa nauyin dai: na waje shekara uku kawai ake da ita don neman zartar da shi, na gida irin naku shekara goma sha biyu.

Tunda naku na kuɗi ne, batun fili bai shafe ku ba, amma in akwai sakin layi a cikinsa da ya ba ku haƙƙi a kan fili ko gini, to kan sarki kaɗai bai isa ba. Dokar Rajista ta 1908 ta wajabta yi wa irin wannan takarda rajista in darajar dukiyar ta kai rupi 100, cikin wata huɗu daga sa hannu, a ofishin yankin da dukiyar take. Hukuncin da ya raba dukiya tsakanin masu tarayya kuma ba a lamba ta 12 ake lissafa shi ba, a matsayin takardar rabo ake ɗaukarsa, da nata farashin.

Kafin ku gama zirga-zirgar ofisoshin haraji, ku sa ido a kan dukiyar. Wa'adin ƙalubalantar hukunci wata uku ne daga ranar da suka karɓe shi, da ƙarin kwana talatin in kotu ta ga uzuri, kuma in sun karɓa tun lokacin da aka yanke, duka sun wuce. Sun san abin da ke tafe. Sashe na 9 na dokar 1996 ya ba wanda ya ci nasara damar neman kotu ta kare dukiya bayan an yanke hukunci kafin a zartar da shi, misali ta hana su sayar da kadara ko ta sa su bayyana abin da suka mallaka. Lauyanku ya duba shigar da wannan buƙata a Delhi a makon da kuke kai takardar ga Kwalekta. Hukunci mai cikakken kan sarki a kan asusun da aka yashe ba zai amfane ku da komai ba.

Sannan ku buɗe fayil ɗinku yau ku ga wace takarda ce a hannunku. Duk gyaran da na lissafa a kan asalin takarda ake yin sa. Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Jupudi Kesava Rao a 1971, ta maimaita a ta Hariom Agrawal a 2007, cewa kwafi ba shi ne takardar da dokar 1899 ke nufi ba: ba a tsare shi, ba a kuma halatta shi da biyan ciko da tara. Sashe na 31 na dokar sasanci ya wajabta a ba kowane ɓangare kwafi mai sa hannun mai sasanci, amma sau da yawa wadda aka buga a kan takardar kan sarki guda ɗaya ce, kuma takan zauna a ofishin mai sasancin ko cibiyar da ta gudanar da zaman. In abin da kuke riƙe da shi hoton takarda ne da aka turo ta imel, ku rubuta wa mai sasancin ku nemi asalin, ku karɓe ta hannu da hannu da takardar shaidar karɓa. Kada ku aika ta Bangalor, ko da ga lauyanku na can, sai shaidar Kwalektan Delhi tana jikinta, domin shigarta jihar shi ne abin da ke tayar da haƙƙin Karnataka. Ku kuma rubuta ranar da ta shiga, don tambayar farko da za a yi muku a can ke nan.